Rigakafin Maleriya: Allura Ɗaya Ba Ta Isa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 da masanan Jami'ar Oxford suka samar, wadda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Abin farin ciki ne wallahi, tunda gwaji ya nuna tana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a wuraren da cutar ke tashi da damina.

Amma fa allura huɗu ce, idan yaro ya kai wata 5, 6, 7 da haihuwa, sai ta ƙarshe a wata 15, kuma a nan gizo ke saƙar. Maƙwabciyata ta kai ɗanta sau ɗaya, ya ɗan yi zazzaɓi da dare, shikenan ta cusa katin ƙarƙashin katifa ta ce an gama, har gidan sauron ma ta naɗe wai ai yaro ya samu kariya.

Ina roƙon hukumomin lafiya su sa limamai, masu unguwanni da ungozomomi cikin aikin nan, a riƙa bin iyaye gida-gida ana tuna musu ranar komawa asibiti, a kuma faɗa a rediyo cewa allurar ba ta kore gidan sauro ba.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi