Zuwa ga aminina Lawali, a Agadas

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya iyali? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai ƙurar hunturu da ta lulluɓe Birni, da safe ko fadar Sarki ba ka hangowa sosai.

Ka tambayi jikin Hadiza. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Amma bari in ba ka labarin tun daga tushe, don a ƙarshe ni kunya ta kama.

Da aka yaye ta, aka kai ta wurin Inna kamar yadda aka saba. Koko da safe, hura da rana, da dare a zaunar da ita gaban kwano ɗaya da yayyenta huɗu. Kai ma ka ci irin wannan kwanon, ka san mai saurin hannu ke ƙoshi. Kafin ta kai loma uku sun suɗe tuwon. Ta fara ramewa, muka ce kewar nono ce. Ranar da uwarta ta kai ta awo, malamar asibiti ta naɗa mata ma'aunin nan mai launi uku a damtse. Kore lafiya ce, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Hadiza a rawaya ta tsaya, bakin rijiya ke nan.

Malamar ta tambaya ko tana cin ƙwai. Uwar ta ce Inna ta hana, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Da aka faɗa mini na fara dariya, sai dariyar ta maƙale. Lawali, ni kowace safiya ƙwai biyu mai shayin bakin kasuwar Dole ke soya mini da burodi, shekara nawa, ban taɓa satar ko allura ba. Da dare kuma 'yar tsokar da ke cikin miya kwanona ake juye wa, yara sai romo. Ba ni na ce a yi haka ba, haka na tashi na gani ana yi wa Baba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ba wani abu mai tsada aka ce mu saya ba. Kwanonta daban, a zauna da ita har ta cinye. Kununta a zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake, a riƙa sa zogale a miya, ga kabewa idan an samu. Tsokar kuma yanzu yankawa ake yi ƙanana, kowa ya samu.

Inna ban yi musu da ita ba, ka san ba a cin ta da gardama. Kaji biyu na saya mata, na ce ƙwan nata ne ta yi yadda ta so. Sati biyu ba a yi ba na tarar tana ɓare wa Hadiza dafaffe, tana cewa kishiyar nan za ta ƙarar da ita.

Manyan su ne suka fi ba ni wuya. Dala goma-goman da nake ba su da safe a biskit da alewa take ƙarewa, su dawo suna yatsina wa miyar kuka fuska. Faɗa bai yi magani ba. Sai da na bar cin abinci ni kaɗai a zaure, na shigo tsakar gida muna ci tare, sannan Sani ya soma sa hannu ba tare da an tsawata masa ba.

Wani yaƙin na nan tafe. Mai ɗakina na da ciki, haihuwa wajen watan Afrilu. An ce mata wata shida nono zalla, ko ruwa kada a ba jinjiri, kuma kada a zubar da dakashi. Ka san zafin Damagaram a wannan lokaci, ka kuma san Inna da ruwan baurinta. Wannan kam kaji biyu ba za su isa ba.

Idan ka samu mai zuwa, ka aiko wa yara dabino da cuku. Ka gaida Hajiya da yara duka.

Naka,
Mamman