Dargaza: a daina saɓule mata ɓawo zagaye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin manoma da masu neman ɓawon dargaza kan yadda ake kashe ta a banza.

Dargaza 'yar dangin kuɓewa ce da rama da lalo, shi ya sa ɓawonta ke yauƙi idan an jiƙa shi. Ba kasafai take yin gangar jiki guda ba. Rassa ne da yawa ke tashi daga gindi ɗaya, tsayinsu daga mita 2 zuwa 6. Ganyenta kore ne ta sama, ta ƙasa kuwa fari-fari mai laushin gashi, gefensa da ƙananan haƙora, kuma jijiyoyi uku ne ke fita daga gindinsa. Da damina take fitar da ƙananan furanni rawaya a hammatar ganye, su zama 'ya'ya kamar ƙwayar wake, ja-ja masu zaƙi idan sun nuna. Da rani ganyen ya kaɗe. An fi samunta a kan suri, da gefen tafki, da gindin duwatsu, inda danshi ke ɗan daɗewa.

Ga inda ake kuskure. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Wanda ya saɓule ɓawon zagaye ya datse wannan hanya, reshen ya bushe a tsaye. Idan aka yi wa duk rassan haka, saiwar ma sai ta mutu da yunwa.

Abin da ya kamata shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu da suka ƙosa, a sare su da gatari mai kaifi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a karkace saran don kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓar da kututturen. A ɓare ɓawon daga abin da aka sare, icen kuma ya yi sanda ko ƙota. Sauran rassan a ƙyale su. Kututturen zai yi tofo da damina, amma awaki na son sa ƙwarai, don haka a kewaye shi da ƙaya.

Masu sharar gona kuma kada su tara kara su cinna wuta a gindinta. Manoman Maradi da ke renon tofon kututture a gonakinsu tun shekarun 1980 sun nuna cewa hakan na yiwuwa ba tare da an rasa amfanin gona ba.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan gandun daji, daga Katsina