A daina matse kafireta da sunan tsimin mai

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu doguwar tafiya a kan babur, domin abin da nake gani a garejina ya fara damuna.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa dubu, maganar masu babur ta koma ɗaya: "Oga, a matse min kafireta, yana shan mai." Mai zuwa Gusau cin kasuwa haka, mai zuwa Damagaram gaida dangi haka. Ni kuwa na daina yi, ko da za a ce na ƙi kuɗi. Kafireta ce ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji. In ka matse ta ka rage man da ke shiga inji fiye da ƙima, iska ta yi masa yawa, injin zafi yake ɗauka. A cikin gari ba lallai ka gane ba, tunda kana tsayawa. Amma ka miƙe hanyar Funtuwa zuwa Kano cikin zafin Afrilu, ka zo mu kwance fulogi: za ka gan shi fari fat, alhali lafiyayye ruwan ƙasa-ƙasa yake. Bayan wannan sai bawul ya ƙone ko fistin ya ci. Kuɗin lita nawa ke nan?

Babban ɓarawon mai a doguwar hanya iska ce. Ƙarfin da take tura ka baya ba daidai da gudunka yake ƙaruwa ba, ninkin kansa yake yi. In ka tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 120, gudu ya ƙaru da rabi kawai, amma turin iska ya ninka fiye da sau biyu. Ninka gudun gaba ɗaya, turin ya zama sau huɗu. Shi ya sa mutum biyu za su hau babur iri ɗaya, su sha mai a gidan mai ɗaya, wani ya isa da saura a tanki, wani ya juya rizab, wato ragowar man ajiya na tanki, tun kafin a hango gari. Na biyun sai ya zo yana zagin kamfani, alhali hannunsa na dama ne bai bar totur ya huta ba.

Lokacin hunturu abin ya fi muni, don iskar daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Haɗeja ko Nguru daga Kano gaba da gaba yake yi da ita. Mita na nuna masa 100, amma in iskar na tafiya da 20, injin aikin 120 yake yi wajen keta ta. A dawowa kuma ita ce ke tura shi, sai ya ce man can ya fi auki. Sai kuma sutura. Allah ya sani ina son babbar riga, amma ba a kan babur ba: iska na shiga ta kumbura kamar tanti, kai ne kake jan ta da fetur ɗinka. Haka buhun da aka ɗaure a gicciye ya fito hagu da dama, da akwatunan gefe na masu manyan babura. Nauyin kaya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta bai kai faɗinsu ɓarna ba. Inda nauyi ke ci shi ne wurin tashi, wato hanyar da ramuka da shingayen bincike suka cika, kana taka birki kana sake ɗaukar giya daga ɗaya.

Masu manyan baburan yawon duniya ma ba su tsira ba, ko da yake nasu kwamfuta ce ke auna musu mai. Yamaha Ténéré 700, wanda ya ci sunan hamadar nan ta Nijar, lita 16 tankinsa ke ɗauka. BMW R 1250 GS Adventure na ɗaukar lita 30. Samari na jin haka sai su ce na biyun ya fi tsimi. A'a, tanki ne babba, kuma cike shi a yau sai mai hali. Girman inji na da tasiri, ba musu, amma na ga mai ƙaramin inji da ya shaƙe shi har ƙarshen totur awa da awanni, ya sha man da ya ba shi mamaki.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da ake raina su. Taya mai ƙarancin iska na jan ƙasa, kuma mai faci da ke ƙwanƙwasa ta da sifana ya ce "ta yi" ba awo ya yi ba. A sa geji, da safe kafin taya ta yi zafi. Sarƙar da ta bushe ta sha yashi, birkin da ke kamawa ba a taka ba, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, kowanne da rabonsa a tankinka. Matatar nan wasu ciro ta suke yi su jefar wai inji ya sha iska. Yashi zai sha.

Wanda ke son sanin gaskiyar babur ɗinsa ya daina awo da kwalbar 'yan bumburutu, don ba kowace ce cikakkiyar lita ba. Ya cika tanki a famfo, ya rubuta lambar mita, ya yi tafiyarsa, ya sake cikawa, ya raba kilomita da litar da ta shiga. Ya gwada a gudun 70 zuwa 80, wata rana ya gwada a yadda ya saba, a hanya ɗaya. In ya kawo min takardar har yanzu lissafi bai yi ba, to sannan mu buɗe kafireta, mu wanke ta, mu mayar da ita awon kamfani.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Makanikin babura,
Funtuwa, Jihar Katsina.