A Binciki Ƙarƙashin Mpape Kafin A Ci Gaba Da Gini

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan motsin ƙasa da ya sake firgita mazauna Mpape a Abuja. Haka aka yi a Satumbar 2018, kuma kafin nan a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016. Kullum sai a ce jama'a su kwantar da hankali. To, da me za su kwantar?

Na'urorin auna girgiza suna ba da labari ne bayan abu ya faru. Amma akwai hanyar gano tsagewar dutse a ƙarƙashin ƙasa, wadda kan haddasa girgiza, tun tana ɓoye. Ana jera ƙananan na'urorin sauraro a ƙasa, a buga gudumar ƙarfe kan faranti, sai ƙarar ta nutsa ta dawo daga shimfiɗun ƙasa. Inda shimfiɗun suka goce wa juna, nan tsagewar take. Aikin ba ya bukatar haƙa rami.

Ina roƙon Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi su gudanar da wannan awo a Mpape, su fitar da taswira a fili. Masu ba da izinin gini da fasa dutse su riƙa duba ta kafin su sa hannu.

Naku,
Mai karatu daga Abuja