Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiyarmu Ta Masu Lura Da Tsuntsaye, Shekarar 2024

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan'uwa mambobi, ga bayanin abin da aka yi da wanda ba a samu yi ba a wannan shekara. Kamar yadda kuka sani, tun da ma'aji ya koma wani gari da aiki ba a zaɓi wani ba, saboda haka littafin kuɗi ma a hannuna yake, kuma da shi zan fara.

Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin mambobi ba. Akwai waɗanda suka biya na watannin farko suka yi shiru, akwai kuma waɗanda rabonsu da biya tun bara, alhali sunayensu na nan a rajista, kuma su ne kan gaba wajen tambaya a dandalinmu na WhatsApp ko yaushe za a yi tafiya. Na tura saƙo, na buga waya, wasu har gida na taka, abin da ba na jin daɗinsa ko kaɗan, domin bai kamata a ce zumunci ya koma bin bashi ba. Babu mai musun cewa ana cikin matsi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma wanda ba shi da hali ya faɗa a yi masa uzuri, kamar yadda wasu dattawanmu biyu suka yi tun farkon shekara ba tare da wani ya ji ba. Abin da ke da ciwo shi ne a yi ta cewa "gobe in sha Allahu" har shekara ta ƙare.

Zaman wata-wata ya gudana a gidajen mambobi bi da bi, ban da na watan azumi da na Agusta, wanda dokar hana fita ta Kano ta hana. Muna godiya ga matan gidajen da suka ɗauki ɗawainiyar koko da ƙosai da shayi.

Babban abin alfaharinmu a bana shi ne tafiyar fadamar Baturiya da ke jihar Jigawa a watan Janairu. An zaɓi lokacin ne saboda a tsakiyar hunturu baƙin tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai da Asiya suka fi taruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, kuma a watan ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya. Mun kwana a Haɗeja a gidan ɗan'uwan wani mamba, wanda ya share mana zaure da ɗakuna biyu bai karɓi ko kwabo ba, sannan bayan sallar asuba muka kama hanyar Kirikasamma cikin hazo, kowa ya ƙudundune da bargo. Kafin mu ga ruwan mun fara jin fiton kirinjijiya, da rana ta ɗaga hazo ya yi sauƙi sai ga su jere a bakin tabki, fuskokinsu farare, dinya na tsakaninsu ta fi kowa girma. Zalɓe da balbela da jinjimi kam ba a magana. Wanda ya fi ɗaukar hankalin yaran da muka tafi da su shi ne wani tsuntsu mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado ba ya nutsewa, har wata yarinya ta dage sai an ba ta madubin hangen nesa ta tabbatar ba ƙasa yake takawa ba.

Can wajen gonakin shinkafa muka tarar da baƙin da muka je dominsu: garken ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsintar hatsin da ya zuba, da wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido. Waɗannan a arewacin Turai da Rasha suke yin ƙwai, sai sun ƙetare hamadar Sahara kafin su iso nan, kuma kafin damina ta sauka sun juya. Malamin da ya yi mana jagora ya bayyana cewa Baturiya na cikin wuraren da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2008, tare da tafkin Dagona da ke jihar Yobe, sannan ya nuna mana yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta janye a kan lokacinta ta canza, ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare duk shekara, kacala kuwa abin da take so ke nan. Mun ga wani masunci yana tura kwalekwalensa ta wani ɗan siririn lungu da aka sare da lauje, ciyawar ta fi tsayinsa yana tsaye. Gauraka dai ba mu gan shi ba, kuma manoman wurin sun ce su ma sun daɗe rabonsu da shi. A ganina wannan tafiya ita kaɗai ta isa hujjar ci gaba da ƙungiya, sai dai ya kamata a sani cewa asusu bai iya ɗaukar kuɗin mota ba, mutum uku ne suka cika daga aljihunsu, kuma har yau ba a mayar musu ba.

Yanzu sai ayyukan da suka tsaya, waɗanda na san za a yi mini tambaya a kansu. Na farko shi ne sayen madubin hangen nesa guda biyu da babban taron bara ya amince da shi. Ba a saya ba, kuma ba sakaci ba ne. Kayan daga waje ake shigo da su, darajar naira ta faɗi, farashin da aka gaya mana a farkon shekara ba shi muka tarar ba bayan ƙaramar sallah, abin da ke asusu kuma ko guda ɗaya mai kyau bai isa ba. Wasu sun ba da shawarar a sayi na araha da ake sayarwa a kasuwa, kwamiti ya ƙi, domin mun gwada irinsa mun ga yana raba hoto biyu yana sa ciwon kai, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin yana nan ba a taɓa shi ba, duk mai son ganin shaidar banki ya same ni.

Ɗan littafin sunayen tsuntsaye da Hausa shi ma bai kammala ba. An raba aikin ne tsakanin mambobi, kowa ya tambayi dattawa da maharba da manoman garinsu, domin sunan da Bakano ke kiran tsuntsu ba lallai ne ya zama shi Bahaɗeje ko Bakatsine ke kiransa ba. Abin da ya dawo hannuna bai wuce sanannun da kowane yaro ya sani ba, irin su hankaka da shirwa da mujiya. Ba zan iya zama in ƙirƙiro suna in buga da sunan ƙungiya ba, don haka na ajiye.

Amma wanda ya fi damuna shi ne rajistar gida, saboda ita ba ta bukatar ko sisi. An roƙi kowa ya ajiye kaskon ruwa a tsakar gida lokacin bazara, ya rubuta abin da ke sauka, ya kuma rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a unguwarsu da ranar da ta ɓace bayan kaka. Iyayenmu da shamuwa suke gane damina ta kusa, tana zuwa ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta ci fara, sannan ta nufi gabashi da kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Idan muka tara waɗannan ranaku shekara da shekaru za mu san ko lokacin zuwanta na canzawa, maimakon mu riƙa faɗa da baki. 'Yan kaɗan ne suka kawo takardunsu, kuma mafi tsabta a ciki ta wata uwarmu ce da ba ta cika fita ba, jikanta ke rubuta mata: kurciya da hasbiya da safe, ƙaramar tsuntsuwar nan baiwar Allah da hantsi, har da ranar da kaskon ya fashe aka yi kwana biyu ba ruwa. Idan ita ta iya, ban ga uzurin mai babbar waya a hannu ba. Haka zancen yake game da taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ke jagoranta. An koya mana amfani da manhajar BirdLasser ta rubuta tsuntsayen da aka gani da tura bayanansu, an nuna mana cewa awa biyu na lura da tsuntsaye ake bukata a cikin yanki mai kusan kilomita 9 kowane gefe, amma masu tura bayanai su ne dai waɗanda suka saba.

Ziyarar makarantu da aka shirya don Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta 11 ga Mayu ta yiwu a makaranta ɗaya, ta 12 ga Oktoba kuwa an fasa saboda masu alkawarin zuwa ba su zo ba. Ƙidayar ungulu a mayanka ba a fara ba.

Kwamiti na neman babban taro ya zaɓi ma'aji, domin ba zan ci gaba da haɗa ayyukan biyu ba, ya kuma yanke hukunci kan waɗanda bashinsu ya haura shekara. Ana son zuwa Dagona a Janairu mai zuwa, amma ba za a kama mota ba sai an fara biyan mutum ukun da ke bin ƙungiya, kuma wanda bai biya kuɗinsa kafin ƙarshen Disamba ba, sunansa ba zai shiga jerin matafiya ba. Wassalam.

Sakatare