Wasiƙa daga Marwa kan neman tallafi

Zuwa ga aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a Injamena, na samu saƙonka inda kake tambaya ko ya dace ƙungiyarku ta tuntuɓi masu ba da tallafi kafin ku miƙa takardar neman kuɗin rijiyar burtsatse. Shawarata ita ce ku tuntuɓe su, sai dai kada ka sa rai cewa sanayya za ta sa a zaɓe ku, domin kwamiti ne ke auna takardu da maki. Amfanin tuntuɓar shi ne ku san ko aikinku yana cikin abin da suka ware wa kuɗi, tun kafin ku sha wahalar rubutu.

Ba da ka nake wannan magana ba. Shekarun baya mun kwashe kusan wata biyu muna tsara buƙatar gina rumbun albasa saboda manomanmu, waɗanda tsoron ruɓewa ke sa su karyar da buhu da zarar an cire ta. Har yau ina tuna daren da muka zauna a tabarma da hasken waya, muna lissafin siminti da kwano har sefar ƙarshe. Amsar da ta zo layi biyu ce, wai kuɗinsu na horar da mutane ne, ba na gini ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin tambaya ɗaya da ta ishe mu.

Amma kowane gida da al'adarsa. Idan Tarayyar Turai ta yi kira a miƙa takardun neman tallafin ayyukan raya ƙasa, a rubuce ake aika tambaya, aƙalla kwana 21 kafin ranar rufewa, su kuma su wallafa amsoshin ga kowa, kuma ba za su faɗa maka tun farko ko ka cancanta ba. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ita kuwa da kanta take ƙarfafa masu nema su yi magana da jami'in shirin.

Saboda haka ka fara karanta ƙa'idojinsu tsaf, sannan ka rubuta rabin shafi da Faransanci mai kyau, ka bayyana ƙauyen, yawan gidajen da za su amfana da kimanin kuɗin, ka tambaya kai tsaye ko suna biyan haƙar rijiya. Turo mini daftarin kafin ka aika, zan duba maka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Marwa