Ƙarfen nan ba na takobi kaɗai ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita.

Na karanta rubutun da kuka buga kan takubban Dimashƙa. Ya yi daɗi, amma ni ɗan wanzami ne, kuma ina ganin an ci mana haƙƙi. Tun daga farko har ƙarshe sai sara da suka, kai ka ce ƙarfen nan bai taɓa shiga gidan kowa ba sai fagen fama.

A zabirar Baba da ke rataye a ɗakina nan Agege akwai askar kakanmu mai ƙotar ƙaho, an buga sunan Sheffield, garin maƙeran wuƙa a Ingila, a gindinta. Washi ya cinye bakinta har ta yi ciki, amma ko yau aka goga ta a fata sai ta tsinke gashi. Garin neman asalinta na ci karo da labarin Benjamin Huntsman na Ingila. Ba maƙerin makami ba ne, mai haɗa agogo ne da sifirin agogo ya ishe shi da rashin inganci. Wajajen 1740 ya gano yadda zai narka ƙarfe a tukunyar yumɓu har ya zama ruwa, datti ya taso sama, kabon, sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, ya gauraye ko'ina daidai. Maƙeran wuƙa na Sheffield suka ce ya yi musu tauri, suka ƙi saye, sai Faransawa suka kwashe. Da kasuwa ta fara kuɓuce musu suka dawo. Aska, almakashi da kurfin kafinta duk sun ci moriyarsa.

Shi ma ba shi ya fara ba. Mutanen kudancin Indiya sun riga shi da ƙarnuka, suna rufe ƙarfe da itace da ganye a 'yar tukunya su hura mata wuta, kuma da irin ƙarfen nan nasu ne ake ƙera takubban Dimashƙa. Wani maƙeri a Landan, James Stodart, da wannan ƙarfen Indiya ya riƙa yin aska da kayan tiyata, har ya haɗa kai da masanin kimiyya Michael Faraday wajen binciken sirrinsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne aikin Farisawa zamanin daulolin Safawiyya da Ƙajar na Iran: madubi, kwaɗo, ƙyastu, almakashi, har ƙoƙon barar darwishai (sufaye masu yawon bara), da yawansu da zanen nan mai kama da gudun ruwa da ake gani a jikin takubban Dimashƙa, an yi musu ado da zinariya. Ƙoƙon bara fa, Malam Edita, da ƙarfen da sarki ke ratayawa!

Yanzu reza sabuwa muke ɓare wa kowane kai saboda gudun cuta, kuma hakan daidai ne. Askar ta yi ritaya. In za ku sake rubutu kan ƙarfen, ku turo wakilinku Agege, zan kwance zabirar ya ɗauki hoto.

Naku,
Wani ɗan wanzami, Agege, Legas